Ƙofar Mota: A Buga ko a Sauya, kuma Wa Zai Sauya?

A manyan garuruwanmu da wuya ka ga motar da ta shekara biyu tana shiga cunkoso ƙofofinta huɗu na nan yadda suka zo. Ko ɗan A Daidaita Sahu ya goge ta a kwana, ko mai babur ya doke ta a bakin kasuwa, ko kuma mai ita da kansa ya yi ribas ƙofa a buɗe ta haɗu da ginshiƙin get. Abin da aka saba yi sananne ne. A miƙa ta ga fanalbita ya sa wuta da guduma ya tayar da lotsawar, ya shafe da bodi fila, mai fenti ya fesa, mota ta fito tana sheƙi. Hanya ta biyu ita ce a kwance ƙofar ɗungurungum a ɗaura wata da aka ciro daga mota irinta. Ni a ganina, idan dukan ya wuce fatar waje, wannan ta biyun ita ce gyara na gaskiya. Kuma tana cikin ayyukan bodi da mai mota zai iya yi da hannunsa a harabar gidansa, tunda ba walda a ciki, ba yankan ƙarfe. Sai dai masu cewa ai kusoshi huɗu ne kawai sun faɗi mafi sauƙin aikin ne, sun yi shiru a kan sauran.

Dalilin da ya sa na fifita sauyawa yana can cikin ƙofar, inda ido ba ya kaiwa. Tsakanin fatar waje da rufin ciki akwai sandar ƙarfe mai tauri da aka gitta daga wajen hinji zuwa wajen makulli. Kamfanin General Motors ya fara sa irin wannan sanda a wasu motocinsa a ƙarshen shekarun 1960, sannan daga 1973 dokar Amurka ta gindaya wa masu ƙera motoci ƙarfin da dole ƙofa ta kai, abin da ya sa sandar ta zama ruwan dare. Idan taho-mu-gama aka yi, akwai bamba da boneti da inji da za su murƙushe kafin dukan ya iso ga mutum. Idan kuwa ta gefe aka doke ka, abin da ke tsakanin haƙarƙarinka da gaban waccan motar bai kai kamu guda ba. Aikin sandar shi ne ta karɓi dukan ta miƙa shi ga ginshiƙan mota, kuma sau ɗaya take yin wannan aiki. Da zarar ta lanƙwashe ta gama nata. A motocin zamani ma abin ya fi tsanani, domin ƙarfen an gasa shi ne a masana'anta don ya yi tauri, harshen wutar walda kuma yana kashe wannan taurin. Shi ya sa Honda da Toyota, a littattafan gyaransu, suke hana a miƙar da ita, suke cewa a sauya ƙofar baki ɗaya. Ƙofar da aka gasa aka miƙar tana iya yin kyau a ido har mai ita ya manta an taɓa ta, amma ranar da wata mota ta shigo ta gefe, ba za ta tare abin da aka yi ta domin ta tare ba. Yaranmu kuma a jikin waɗannan ƙofofi suke jingina su yi barci a hanyar Kano zuwa Zariya.

Wannan ba ya nufin kowace lotsawa sai an nemo sabuwar ƙofa. Idan fatar waje ce kawai ta shiga, gefunan ƙofa ba su murɗe ba, gilashi yana hawa yana sauka ba gargada, to ƙwararren fanalbita zai turo ta daga ciki, wani lokaci ma ba sai an taɓa fenti ba. Ƙofarka ta asali da fentinta na kamfani ta fi duk wadda za ka sayo. Yadda za ka sani kuwa babu wuya: cire rufin ciki, haska fitila, dubi sandar da idonka.

Akwai kuma inda sauya ƙofa ba zai yi maganin komai ba, kuma nan ne ya kamata mai gyara da kansa ya tsaya. Buɗe ƙofar ka duba ginshiƙin da hinji ke ɗaure a kai, da ginshiƙin tsakiya, da dokin da ake takawa a shiga. Idan ka ga fenti ya tsage a kusa da hinji, ko ƙarfe ya tattare, ko rufin mota ya ɗan lotsa a saman ginshiƙin tsakiya, to dukan ya shiga gangar jikin motar. Ramin ƙofar da kansa ya karkace, kuma ko daga kamfani ka kawo ƙofa ba za ta zauna a karkataccen rami ba. Wannan aikin masu injin jan bodi ne, kada ka sa hannu.

In gangar jiki lafiya take, sai batun nemo ƙofa, kuma a nan ne yawancin asara take aukuwa, tun kafin a ɗauki sifana. Kasuwannin dai sanannu ne: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas, haka Abossey Okai a Accra da Suame a Kumasi. Kayan Beljiyam ne akasari, wato waɗanda aka ciro daga motocin da suka gama yayi ko suka yi haɗari a Turai da Amurka, sai kuma na gida da aka kwance daga motocin da suka mutu a nan. Za ka ji mai shago yana cewa, “Alhaji, ɗauki kawai, duk ɗaya ne, za ta hau.” Sau da yawa gaskiya ya faɗa, domin kamfanoni kan riƙe siffar ƙofa ɗaya tsawon shekara biyar ko shida, in sun yi wa mota kwaskwarima a tsakiya sai su taɓa fitilu da bamba su bar ƙofofi. Wani lokaci ma motoci masu suna daban gangar jikinsu ɗaya ce. Sharon ɗin da ke jigila a tashoshinmu, wato Volkswagen Sharan, da Ford Galaxy na farko da SEAT Alhambra, duk a masana'anta ɗaya aka haɗa su a ƙasar Fotugal tun tsakiyar shekarun 1990, don haka wanda ya rasa ƙofar ɗaya yana da dalilin leƙa na sauran.

Amma suna ɗaya da shekara ɗaya ba sa tabbatar da komai. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da aka yi wa kasuwar Amurka, wadda ake kira EOD, jikinta daban ne gaba ɗaya da Accord ta Turai ta waɗannan shekarun, ƙofar ɗaya ba ta hawa ɗayar. Golf 3 mai ƙofa biyu ƙofarta ta gaba ta fi ta mai ƙofa huɗu tsawo. Tsofaffin direbobi ma sun san ƙofar baya ta Peugeot 504 wagon, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975, ba ta shiga salun, don wagon ta fi tsawo tsakanin taya da taya. Saboda haka kada ka tafi kasuwa da sunan mota kaɗai a bakinka. Tafi da lambar shasi mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba. A motocin da aka yi wa Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekara: 2001 zuwa 2009 lamba ce daga 1 zuwa 9, 2010 kuma A ce. Tafi da tef ɗin awo, ka auna tsawo da faɗi da tazarar da ke tsakanin hinji biyu. In da hali, tafi da motar kanta a jingina ƙofar a jikinta a gani. Kuma ku yi magana tun kafin kuɗi su bar hannunka cewa in ba ta hau ba za ka dawo da ita.

Wani tarkon da ba a cika lura da shi ba shi ne ɓangaren sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana a 1974, don haka direbanmu a hagu yake zama. Amma kayan gyara da yawa daga Ingila da Japan suke fitowa, inda direba ke zama a dama. Ƙarfen ƙofar yana iya zama iri ɗaya, sai dai abin da ke cikinta ya juye. Maɓallan da ke sarrafa dukkan gilasai suna ƙofar dama, kuma a motoci da yawa na baya-bayan nan ƙofar direba ce kaɗai ke da ramin mukulli. Ka sayi ƙofar hagu daga motar Ingila, ka ɗaura, ranar da batirin rimot ya mutu sai ka nemi inda za ka zura mukulli ka rasa. Ana iya gyara wannan ta ɗauko hannun ƙofa da makullin tsohuwar a mayar, amma gara ka san da shi tun a kasuwa, ka sa shi cikin ciniki.

Sai duba lafiyar ƙofar kanta. Kifa ta ka dubi ƙasanta, inda aka naɗe fatar waje a kan ƙarfen ciki. A ƙasashen da ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kamar Kanada da arewacin Amurka da Jamus, daga nan tsatsa take fara ci, kuma in ka ga wurin ya kumbura to ta riga ta yi nisa a ciki. Ɗauki ƙaramin maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin ƙofar da shi. Inda ya ƙi kamawa da kyau, bodi fila ce kwance a ƙarƙashin fenti. (Wannan dabara ba ta aiki a motocin da aka yi jikinsu da alminiyom, irin su Audi A8 ko Ford F-150 daga 2015, amma waɗannan ba su ne yawancinmu ke hawa ba.) Leƙa ciki ka ga ko akwai busasshen taɓo da ya yi layi a jikin ƙarfe, domin motocin da ambaliya ta cinye a Amurka, kamar bayan guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017, da yawa gwanjonsu aka yi, kuma injin ɗaga gilashi da makullin lantarki da suka kwana cikin ruwa ba sa daɗewa. In mai shago yana da batir, a jona a gwada gilashin a gabanka.

Ranar aiki, abu na farko shi ne ka nemi mutum na biyu. Ƙofar gaba da gilashinta da sifika da komai takan kai kilo 25 zuwa 35, ta manyan motoci ma ta fi haka, kuma nauyinta ba a tsakiya yake ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da an zare kusa ta ƙarshe ƙofa takan zube gaba, ko ta kankare fentin fenda ko ta faɗa wa mutum a ƙafa. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ba gangare ba. A sa jak a ƙarƙashin ƙofar, a ɗora katako da tsumma a kansa, a ɗaga har ya karɓi nauyin amma bai tura ta sama ba. A manna gam-tef a bakin fenda da bakin ƙofar da ke maƙwabtaka. Kayan aikin ba su da yawa. Motocin Japan galibi sifana da soket mai lamba 10 da 12 sun isa. Na Jamus, musamman Volkswagen, sukan zo da kusoshi masu kan tauraro da ke buƙatar nasu abin kwancewa, kuma wanda ya matsa musu da abin da ba nasu ba zai cinye kan kusar, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Wasu motocin kuma, ciki har da Peugeot da dama da manyan motocin ɗaukar kaya na Amurka, hinjinsu a walde yake, ƙusar da ke tsakiyarsa ake bugewa ta fita.

Kafin ka taɓa waya ko ɗaya, sauke gilashi zuwa inda kake so ya tsaya, zare mukulli ka sa a aljihu, sannan ka cire kan batir maras wuta, wato baƙin. Mukullin a aljihu saboda wasu motoci kan kulle kansu da zarar an mayar da batir. Daga nan ka jira. Toyota kan ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda kan ce minti 3, domin na'urar da ke tayar da jakar iska tana riƙe da wuta bayan an cire batir. Ina so a ɗauki wannan da muhimmanci. Tun da Volvo ta fito da jakar iska ta gefe a tsakiyar shekarun 1990, ƙofa ta ƙara shiga cikin tsarin kariyar mota. A wasu Marsandi da BMW na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, jakar kanta a cikin ƙofar take, bayan rufin ciki. A motoci da yawa na bayansu kuma akwai wata ƙaramar na'ura a cikin ƙofa da ke jin yadda iska ta matsu a lokacin da aka doki fatar waje, ita ce ke sanar da ƙwaƙwalwar mota ta fasa jaka. Irin wannan ƙofa dole cikinta ya kasance a rufe yadda kamfani ya rufe shi, da ledarsa da robobin toshe ramuka. Duk soket ɗin da ka gani ruwan ɗorawa, na jakar iska ne. Ba a soka masa fitilar gwaji, ba a yanke wayarsa a murɗa. In motarka na da jaka a cikin ƙofa, ko fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa bayan aiki, to wannan ɓangaren a kai wa mai wayarin da ke da kwamfutar duba mota.

Wayoyin suna bi ne ta cikin wata roba mai lanƙwasa tsakanin ginshiƙi da ƙofa. A wasu motocin akwai soket a nan, a zare kawai. A wasu kuma sai an shiga ta wajen ƙafar direba an kwance, an zaro wayoyin ta ramin. Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce ƙofar ta hau daidai amma soket bai yi daidai ba, saboda motar da aka ciro ta mai daraja ce ta daban: waccan tana da madubi mai lanƙwashewa da kansa ko mai sigina, taka ba ta da shi, ko akasin haka. A nan ne ake kiran mai wayarin ya yanyanka ya haɗa ya naɗe da salatef, bayan wata uku gilashi ya fara aiki in ya ga dama, fis na ta ƙonewa. Hanya mafi tsabta ita ce ka zare dukkan wayarin tsohuwar ƙofarka, da maɓallanta da madubinta, ka mayar cikin sabuwar. Yana cin lokaci, amma ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki za ka ga ba wani sirri a ciki. Da haka motarka za ta ci gaba da magana da kayan da ta saba da su, abin da ya fi muhimmanci a motoci irin su Golf 4 zuwa sama, waɗanda kowace ƙofa ke da tata ƙaramar na'urar sarrafawa. Tunda ka buɗe cikin, ɗauko ramin mukullin tsohuwar ma ka mayar, don kada ka riƙa yawo da mukulli biyu. Ledar da ke bayan rufin ciki kuma, wadda masu gyara kan yage su jefar, a mayar da ita a manne. Ruwan sama yana shiga cikin kowace ƙofa ta bakin gilashi, ledar ce ke hana shi jiƙa rufi da maɓallai, ƙananan ramukan da ke ƙasa kuma su fitar da shi. Ƙurar hunturu takan toshe waɗannan ramuka, sai damina ta zo ka ji ruwa na kaɗawa a ciki. Zura waya ka buɗe su tun ƙofar na ƙasa.

Kwancewar kanta gajeriya ce. A fara cire ɗan ƙarfen nan da ke hana ƙofa wangalewa, wanda ke tsakanin hinji biyu. A zagaye kowane hinji da maka don a san inda yake zaune. In zai yiwu a kwance ta ɓangaren ƙofa, a bar hinjin a jikin mota yadda kamfani ya saita shi, domin kusoshin ɓangaren mota sau da yawa fenda ta rufe su, kuma taɓa su na nufin sake saiti daga farko. A fara da hinjin ƙasa, a ƙare da na sama.

Saitawa ita ce ainihin sana'ar, kuma ita ce ke bambanta wanda ya iya da wanda ya kalli bidiyo sau ɗaya. Ɗaura ƙofar ka ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan, yadda za ta tsaya amma in an tura ta za ta motsa. Sannan ka cire ƙugiyar da ke jikin ginshiƙi, wadda makulli ke kamawa. Mutane da yawa ba sa yin haka, shi ya sa suke shan wahala. Muddin ƙugiyar na nan, za ta riƙa jan ƙofar sama ko ƙasa in an rufe, ka ɗauka ta zauna daidai alhali a kanta take rataye, bayan 'yan watanni makulli ya cinye, ƙofa ta fara faɗuwa in an buɗe. Ba tare da ƙugiya ba, tura ƙofar a hankali ka tsaya daga nesa ka duba. Ratar da ke kewaye da ita ya kamata ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kusan milimita 4 zuwa 5 a yawancin motoci, amma mafi kyawun ma'auni shi ne ɗayan ɓangaren motarka da ba a taɓa ba. Layin da ya ratsa gefen mota daga fenda zuwa baya ya miƙe ba tare da tsalle ba. Shafa tafin hannu daga fenda zuwa ƙofa: bakin ƙofar na gaba kada ya fito waje fiye da fenda, in ba haka ba iska za ta riƙa kama shi tana fito a kan babbar hanya. In ƙofofi biyu na gefe ɗaya kake sauyawa, fara da ta baya, domin jikin mota na baya ba ya motsi, shi ne abin dogaro. Ta gaba ta bi ta baya, fenda kuma ta bi ta gaba. In kuma ƙofar wayam ka ɗaura, ba gilashi ba injin ɗaga shi, ɗaga bayanta sama kaɗan, don nauyin kayan zai sauke ta.

Za ka sassauta ka ɗaure sau da yawa, kowane karo motsin bai fi kaurin farce ba. Kada ka gaji ka ce ya isa. Kuma kada ka bi dabarar cusa katako a tsakani a danna ƙofa da ƙarfi don ta lanƙwaso. Ƙwararru kan yi ta a inda suka san abin da zai ba da kai, amma a hannun sabon shiga hinji ko ginshiƙi take lalatawa. In komai ya daidaita, ɗaure hinji tamau, sannan ka mayar da ƙugiya ka saita ta ta shiga tsakiyar bakin makulli ba tare da ta ɗaga ƙofar ko ta danne ta ba. Makullin ƙofar mota hawa biyu yake kamawa, ƙas na farko da ƙas na biyu, kuma dole ka ji duka biyun da turawa mai sauƙi. Wannan hawa biyun shi ke hana ƙofa ɓallewa ta watsar da mutum in mota ta wuntsila, don haka ƙofar da sai an maka ta da ƙarfi take kamawa ba a gama aikinta ba. Kafin ka mayar da rufin ciki, gwada hannun waje da na ciki da maɓallin kulle, ƙofa a buɗe, kana tura bakin makulli da sukundireba. Ƙofar da aka rufe alhali sandunan hannunta ba a haɗa ba, buɗe ta babban aiki ne. A ƙofar baya a duba makullin yara. Daga ƙarshe a matse takarda tsakanin roba da ƙofa a wurare daban-daban a ja. Inda ta zare ba tirjiya, nan ƙura da ruwa za su shiga.

Ƙofofi masu zamewa da lantarki, irin na Sienna, na cire su daga wannan bayani. Suna da igiyoyin ƙarfe da injin lantarki da layuka uku da suke bi, kuma wannan ba aikin farawa ba ne.

Fenti shi ne ɓangaren da ba na ba kowa shawarar ya yi a gida. Abin da za ka iya yi shi ne ka rage buƙatarsa. Kowace mota na da lambar launinta a kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko wani wuri makamancinsa. A Toyota tana bayan haruffan C/TR, inda 040 ke nufin fari, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. In ka yi haƙuri ka zaga kasuwa, a motocin da suka yi yawa kamar Corolla da Camry kana iya samun ƙofa mai launinka, ka tsira da fentin kamfani wanda aka gasa da zafin da mai fentin unguwa ba zai iya kaiwa ba. Amma ka sani ranarmu tana cin fenti. Motar da ta shekara takwas a Sakkwato ko Maraɗi ba za ta yi launi ɗaya da ƙofar da ta fito daga ƙasa mai sanyi ba, ko da lambarsu ɗaya, kuma ruwan azurfa ya fi kowane launi tona wannan bambanci. In fesawa za a yi, a fesa gefuna da ciki tun ƙofar na ƙasa.

To wa ya kamata ya yi wannan aiki da kansa? Tun bayan da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa na neman inda za su rage kashe kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma a lissafin gaskiya, kuɗin ƙofa da na fenti su ne masu nauyi, ladan ɗaurawa a wurinmu bai kai su ba. Ribar yin aikin da kanka ba a ladan take ba. Tana cikin cewa kai ka zaɓi ƙofar, ka ga cikinta, ka tabbata ba a yanke waya ba, ba a jefar da leda ba, ba a bar kusa biyu a inda ya kamata a sa huɗu ba. Wanda ke da tsohuwar Golf ko Corolla ko 406, yana da haƙuri da yini guda da ɗan'uwa mai taya shi, zai iya, kuma zai fito ya san motarsa fiye da da. Wanda kuma hannunsa bai saba ba, akwai tsaka-tsaki mai kyau: ya sayo ƙofar da kansa, ya kwashe kayan ciki ya mayar da kansa, ya kai wa fanalbita ya biya shi ladan saitawa kawai, ya tsaya yana kallo. Idon da ya shekara ashirin yana duba rata yana ganin abin da naka ba zai gani ba, kuma ya cancanci a biya shi da mutunci. In wani ne ya doke ka, ka tuna inshorar dole da yake biya, wadda hukumar NAICOM ta mayar naira 15,000 daga farkon 2023, an yi ta ne don biyan irin wannan ɓarna har zuwa naira miliyan 3. Mun saba a gama magana a bakin titi da “a yi haƙuri, tsautsayi ne”, haƙuri kuma abu ne mai kyau, amma neman wannan haƙƙi ba rashin mutunci ba ne.

Saura batun takardu. Karɓi rasit mai sunan shago da bayanin ƙofar, domin akwai kayan sata a kasuwa, kuma dokar ƙasa tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata da saninsa. Ƙofar da wani ya kawo maka da daddare a rabin kuɗi ba abin saye ba ce. In ta zo da gilashi mai duhu, ka tuna akwai dokar 1991 da ta taƙaita amfani da shi a Nijeriya, gara ka mayar da gilashinka na asali in bai fashe ba. Motoci da yawa da aka yi wa Amurka kuma suna da 'yar takarda mai lambar shasi manne a kowace ƙofa, saboda dokar hana satar motoci ta can, don haka sabuwar ƙofarka na iya ɗauke da lambar wata mota. Kada ka kankare ta, kankarewar ta fi jawo zargi. Ajiye rasit ɗin da hoton tsohuwar ƙofar a cikin takardun mota. Ranar da za ka sayar, ka fito da su ka nuna wa mai saye, domin ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki, kuma bakaniken da zai zo duba masa motar zai buɗe ƙofar ya karanta lambar ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba.